Daga Ɗakin Gwaggo Zuwa Allon Aji: Tarihin Koya Wa Matasa Sanin Jikinsu a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Maƙalar wannan makon ta taɓo wurin da da yawanmu ke kauce masa, wato tarihin yadda ake koya wa yaro da yarinya abin da ya shafi balaga, tsarki, aure da kare kai, tun daga zaure har zuwa makarantar boko. Na ɗauki yankin Funtuwa da Malumfashi a matsayin madubi, domin ƙasa ce ta noma da kasuwa da mahaɗar hanyoyi, duk iskar da ta kaɗa a Arewa sai ta ratsa ta nan.

A watan Nuwamba na 2022, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, da ta cire darussan jima'i daga manhajar makarantun firamare da ƙaramar sakandare. Hujjarsa ita ce wannan aiki ne na iyaye da malaman addini. Wasu sun yi masa tafi, wasu sun yi ca a kansa. Abin da ɓangarorin biyu ba su tsaya sun duba ba shi ne: kafin zuwan boko wa ke yin wannan aikin, kuma yaya aka yi ya suɓuce daga hannunsa?

Mu faro daga zaure. Duk wanda ya yi karatun ilimi a ƙasar Hausa ya san jerin littattafan farawa: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, sannan Risala. A cikin Ahalari akwai fasali a kan haila da na jinin biƙi. A cikin Risala, wadda Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya rubuta tun ƙarni na 10 domin a koyar da yara, akwai babin abin da ke wajabta alwala da wanka, inda aka bambanta maniyyi da maziyyi da wadiyyi dalla-dalla. Malam na zaune a kan buzu, yana karanta Larabci yana fassarawa da Hausa, almajiri ɗan shekara goma sha uku na saurare, ba wanda ya ce an yi batsa. Sanin alamomin balaga farilla ne, domin da shi ake gane ranar da alƙalami ya hau kan mutum.

Matsalar ita ce wannan karatu ya fi isa ga maza. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya koka a kan haka a cikin Nurul Albab, inda ya zargi malaman zamaninsa da karantar da almajiran waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, ba su san hukuncin tsarkinsu da sallarsu ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta ɗauki gyaran. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, wato dattijan mata da ke zuwa wajenta su ɗauki karatu su koma ƙauyuka su koya wa matan aure, mafi yawa ta hanyar waƙa da Hausa da Fulatanci. A lura da dabararta: mace ce ke koya wa mace, da harshen gida, a cikin gida, kuma da yardar mutanen gari. Za mu sake cin karo da wannan dabara a gaba.

A cikin gida kuwa akwai wata makarantar da ba ta da allo. Kunya ta hana uwa sakewa da 'yarta, balle 'yar fari da ko sunanta ba ta faɗa. Don haka al'ada ta ba wasu wannan aiki: kaka, wadda wasan jika ya ba ta damar faɗin abin da uwa ba za ta iya ba, sai gwaggo da inna, sai ungozoma, sai uwar wanka a lokacin biki. Wanda ke son ganin hoton wannan rayuwa ya nemi labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta tsakanin 1949 da 1950 a Giwa, nan kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, aka buga shi a 1954. Baba ta yi bayanin ƙawance, da tsarance, da yadda ake kama amarya a sa ta a lalle, da haihuwa da suna da yaye. Za ka ga cewa yarinya ba ta tashi ita kaɗai ba, kewaye take da mata masu ido a kanta.

Sai dai kada son gargajiya ya rufe mana ido. Wannan makaranta ta cikin gida ta koyar da daidai, ta kuma koyar da kuskure. Ita ce ta riƙe yankan gishiri a matsayin maganin doguwar naƙuda da wasu larurorin mata, alhali aska na iya huda mafitsara. Ita ce ta ɗora wa mai haihuwar fari jarumtar yin shiru, har ta kwana biyu ko uku tana naƙuda ba ta yi ƙara ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego a yankin Zariya. Farfesa Kelsey Harrison ya bibiyi haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya gano cewa haɗari ya fi yawa ga 'yan mata masu ƙarancin shekaru da matan da ba su yi awo ba, kuma macen da ta yi karatu ta fi tsira. A Babbar Ruga ta Katsina, likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a farkon shekarun 1980, sai ya tarar da mata masu yoyon fitsari, ya koma yi musu aiki, har wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan lalura. Duk gadon da ke wannan asibiti shaida ne na wata magana da ba a faɗa wa wata yarinya da danginta a kan lokaci ba.

To yaya boko ta shigo cikin lamarin? A 1930 aka buɗe cibiyoyin karatun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, ta Katsina da goyon bayan Sarki Muhammadu Dikko. Abin da aka fi koyarwa shi ne tsabta, ɗinki, girki da renon yara. Ba a zancen balaga, domin yawancin 'yan matan ana cire su a aurar kafin su kai can. Ma'ana, makaranta ta ari yarinya na ɗan lokaci ne, ta mayar wa gwaggo ita kafin lokacin magana ya yi.

A wannan zamanin ne Funtuwa ke canza kama. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa garin a ƙarshen shekarun 1920, ga injin gurzar auduga, ga baƙi daga ko'ina. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar tare da na Gusau da Gombe. Kuɗi suka shigo, hanyoyi suka buɗe, manyan motoci suka riƙa kwana a gari suna lodin masara da dawa da auduga zuwa Kudu. A 1976 kuma gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE. Yaran Bakori, Ɗanja, Ƙafur, Faskari da Ɗandume suka cika azuzuwa, bayan 'yan shekaru wasu suka wuce sakandaren kwana.

Nan ne giɓin ya buɗe. Yarinyar da a da za ta ga jininta na farko a ɗakin kakarta, yanzu a ɗakin kwanan ɗalibai take ganinsa, cikin sa'o'inta da ba su fi ta sani ba. Yaron da a da zai ji babin janaba a bakin malamin zaure, yanzu yana aji uku, abin da ya sani daga bakin manyan ɗalibai ya ji shi. Shekarun aure sun ja baya, tsakanin balaga da aure an samu tazarar shekara biyar ko goma da al'ada ba ta tanadi komai dominta ba. Littafin kimiyya yana da babin haihuwa da zanen mahaifa, amma da Turanci yake, kuma sau da yawa malami kan ce a je a karanta a gida. Gida ya ɗauka makaranta na yi, makaranta ta ɗauka gida na yi. Makarantun Islamiyya da suka yawaita daga shekarun 1970 zuwa 1980 sun toshe wani ɓangare, domin sun kai fiƙihun tsarki ga 'yan mata da matan aure fiye da kowane lokaci a baya. Amma fiƙihu hukunci yake koyarwa, ba ya bayanin ƙwayar cuta ko faɗin ƙugun yarinyar da ba ta gama girma ba.

Abin da ya tilasta wa gwamnati buɗe baki shi ne ƙanjamau. A 1986 aka ba da rahoton kamuwa na farko a Nijeriya. Binciken da ake yi a kan mata masu zuwa awo ya nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, ya haura zuwa kashi 5.8 a 2001. A 1997 Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon Ministan Lafiya, ya fito fili ya ce cutar ce ta kashe ƙaninsa Fela. A nan Arewa har suna aka laƙaba mata, kabari-kusa, sunan da ya sa masu ita ɓuya maimakon zuwa asibiti.

Bayan taron yawan al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Alƙahira a 1994, wata ƙungiya ta Legas mai suna Action Health Incorporated ta jagoranci fitar da jagorar koyar da ilimin jima'i a 1996, wadda aka gina a kan samfurin wata ƙungiyar Amurka. A 1999 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a sa darasin a makarantu, a 2001 ta amince da manhajar da NERDC ta tsara. Sai ƙura ta tashi. Malaman Musulunci, da limaman Katolika, da ƙungiyoyin iyaye suka ce ba su yarda ba, kuma ƙin ya fi ƙarfi a Arewa.

Ya kamata marubuci ya fahimci dalilin wannan ƙin, kada ya tsaya ga kiran mutane jahilai. Na farko, sunan kansa. Duk yadda ka juya shi da Hausa, ilimin jima'i yana sauka a kunnen uba ne kamar za a koya wa 'yarsa aikatawa. Na biyu, lokacin. Shekarar 2000 ce jihohin Arewa, har da Katsina, suka ƙaddamar da Shari'a, zukata na kan tsare tarbiyya. Na uku, rashin yarda mai tushe. Tun manufar yawan jama'a ta 1988, wadda ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, mutane ke zargin akwai shirin rage haihuwa. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya ƙara wa zargin ƙarfi, irin zargin da ya kai ga dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na huɗu, ba a fara da masu gari ba. An gama ɗinka riga a Legas da Abuja, sannan aka zo neman wanda zai sa.

Sulhun da aka yi shi ne aka sake wa manhajar suna da ciki. A 2003 ta fito a matsayin Ilimin Rayuwar Iyali da Cutar Ƙanjamau, FLHE a taƙaice. Aka cire batutuwan da suka fi tayar da hankali, irin su hanyoyin hana ɗaukar ciki, aka dogara a kan kamewa. Abin da ya rage ya ƙunshi girman ɗan Adam, dabarun rayuwa, cutar ƙanjamau, zamantakewa, da al'umma da al'ada. Ba a mai da shi darasi mai zaman kansa ba, an cusa shi ne a cikin kimiyya da nazarin zamantakewa, kuma an bar wa kowace jiha ta daidaita shi da al'adunta. Wannan ya kwantar da rikici, amma ya zo da nasa rauni. Abin da ba shi da sa'arsa a jadawali, ba shi da malaminsa na kansa, shi ne farkon abin da ake tsallakewa, musamman a ajin da ɗalibai suka yi wa malami yawa, kuma namiji ne ke tsaye a gaban 'yan mata.

Abin sha'awa, tun kafin wannan hayaniya akwai masu yin aikin a Arewa ba tare da an kore su ba. A Kano, Hajiya Mairo Bello ta faro ƙungiyar AHIP tun ƙarshen shekarun 1980. Ta haɗa bayanin lafiya da koyon sana'a da wasanni, ta riƙa zama da limamai da masu unguwanni kafin ta tara yara. A Zariya, Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ta tsiro daga Jami'ar Ahmadu Bello cikin shekarun 2000 ta ɗauki tsarin tara 'yan mata kaɗan a wani amintaccen gida, da izinin iyaye, wata mace da aka sani a garin na koya musu karatu da lissafi da lafiyar jiki da yadda ake magana da manya. Wannan ba jaji ba ce da sabon suna? A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 domin shirin AGILE a jihohi bakwai na farko, ciki har da Katsina, kuma koyar da dabarun rayuwa ta irin wannan zama yana cikin ginshiƙansa. Darasin tarihi a bayyane yake: inda aka bi ta ƙofar gida, da harshen gida, da bakin wadda aka yarda da ita, ana karɓa. Inda aka haura katanga, ko da alheri aka zo, ihun ɓarawo ake yi.

Wani zai ce ai binciken ƙasa na 2018 ya nuna ƙanjamau ya sauka zuwa kashi 1.4 cikin ɗari, kuma Katsina na cikin jihohin da suka fi ƙarancinsa, to me ya rage? Abin da ya rage ya fi ƙanjamau faɗi. Akwai yarinyar da ke fashin makaranta duk wata saboda ba ta da ƙunzugu mai kyau kuma makarantar ba ta da ban-ɗaki. Akwai 'yar talla a tasha da ba a taɓa gaya mata cewa tana da ikon cewa a'a ba, ko wanda za ta kai wa ƙara. Akwai yaro namiji da ake lalatawa ya rasa kalmar da zai faɗa. Rashin tsaro ya ƙara dagula abin: bayan sace ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020 an rufe makarantun kwana na wani lokaci, kuma iyalai da yawa daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa sun baro gidajensu, yara sun rabu da kakannin da ke sa musu ido. Sannan ga waya. Yau malamin da ya fi kowa kusa da ɗan shekara goma sha huɗu yana cikin aljihunsa, ba ya jin kunya, ba ya neman izinin kowa. Shirun manya bai hana karatu ba, ya dai canza malami ne.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Littafin Hausa ya daɗe yana cike wannan giɓi, ko an so ko an ƙi. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan cire yarinya daga makaranta a yi mata auren dole. Daga nan garin, Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe?, ta sa dubban 'yan mata sun ga cewa karatu da aure da mutunci na iya zama a ɗaki ɗaya. Su ma ba su tsira daga zargi ba, domin a 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano a gaban Gwamna Ibrahim Shekarau bisa zargin ɓata tarbiyya. Yau kuma ga littattafan da ke yawo a WhatsApp da Wattpad, wasunsu batsa ce tsirara da aka yafa wa sunan wayar da kai. Tsakanin mai ƙonawa da mai tsiraitawa akwai fili babba, kuma shi ne gonar da ba mu nome ba.

Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Tana da na malamai: haila, janaba, balaga, al'aura. Tana da na sakayawa: al'ada, baƙon wata, fashin salla, gaba, juna biyu, sauka lafiya. Gwanintar marubuci ita ce ya san wace kalma ke fitowa daga bakin kaka, wacce daga bakin malamar asibiti, wacce daga bakin ƙawa. Ya sakaya inda sakayawa ke ƙara daraja, ya fito fili inda sakayawa za ta bar mai karatu cikin duhu. Labarin da ya ce kawai an ɓata yarinya, bai nuna yadda mai ɓatawar ya fara da kyauta da sirri da barazana ba, bai koya wa kowa yadda zai gane shi ba. Kuma kafin ka sa likita ya yi magana a littafinka, je ka tambayi likita ko ungozomar asibiti, domin kuskuren da aka karanta a labari mai daɗi ya fi na allon aji daɗewa a kai.

Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar addininsu ba. Kunya ado ce, amma ba a yi ta don ta zama murfin jahilci ba. Aikin wannan makon ga mai sha'awa: rubuta shafi ɗaya, inda gwaggo ke yi wa 'yar ɗan'uwanta bayanin baƙon wata a daren da za ta koma makarantar kwana. Sharaɗi biyu ne: yarinyar ta tashi ta fahimci komai, kuma ka iya karanta shafin a gaban mahaifinka ba tare da ka sunkuyar da kai ba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu.